Don Allah a daina karya reshen fulawar nan da hannu

Aikina shiga gidaje ne. Ina koya wa mata shuka zogale, alayyahu da tumatir a buhu ko a tsohon bokiti a tsakar gida. A 'yan shekarun nan kusan duk falon da na shiga a Katsina, daga Sabuwar Unguwa har Ƙofar Ƙaura, sai na tarar da tukunyar fulawa a gefen talabijin ko a bakin taga. Abin sha'awa ne, ban ƙi ba. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan shi ne, sau uku ke nan tun bayan ƙaramar Sallah ina tarar da ido a kumbure a gidan da ake da shukar nan mai farin ruwa da masana ke kira Yufobiya, kuma duk ukun ta hanya ɗaya abin ya zo. Baƙuwa ta shigo, ta ga shuka ta burge ta, ta ce, "Hajiya, ki ɗan karya mini in je in dasa." Aka sa hannu aka karya.

Ta ƙarshen ita ta fi tsaya mini a rai. Matar gidan ta karya wa maƙwabciyarta reshe, farin ruwan ya gangaro mata a babban yatsa, ta goge a zani ta wuce madafa. Tana yanka albasa hawaye ya zo, ta sa bayan hannu ta murza ido. Kafin Magariba idon ya ƙi buɗuwa, tana cewa kamar an zuba mata barkono. Uwar miji ta ce a tatso nonon mai shayarwa a ɗiga, wata ta kawo tozali, wata ta ce ruwan sukari. Duk an yi. Ruwan da ya kamata a fara da shi ne kaɗai ba wanda ya tuna. Da na shiga da safe na same ta a ɗaki ta rufe labule, haske ma ba ta so. Na ce, "Yaya, tashi mu tafi asibiti yanzu." Ta fi mako guda tana jinya kafin ta koma ganin rubutun waya sosai. Duk a kan reshe ɗaya da bai kai tsawon cokali ba.

Masu sayar da fulawa a bakin titi duk shukar da ke da ƙaya da kauri kaktus suke ce mata. Da yawa daga cikinsu ba kaktus ba ne. Kaktus na ainihi daga nahiyar Amurka ya fito. Waɗannan masu farin ruwan dangin da masana ke kira Yufobiya ne, dangi mai iri kusan 2,000, kuma ba baƙi ba ne a wurinmu. Aguwar da ake shinge da ita a gonaki, wadda kike gani jere a hanyar Daura, 'yar gidan ce. Kyarana ma haka. Tinya ma haka, wadda maharban da suke sa nononta a haɗin dafin kibiya. Ki tambayi kowace tsohuwa a ƙauye ko za ta bar jikanta ya yi wasa da nonon tinya, ki ji abin da za ta ce miki. Amma da aka sa ƙanwarta a tukunya mai fenti aka ce kuɗinta kaza, sai muka manta, muka aje ta kusa da inda yaro ke rarrafe.

Uku na fi gani a gidaje. Akwai mai tsayuwa kamar ginshiƙi, jikinta kusurwa uku, ƙayoyi bibbiyu da ƙananan ganye a gefe. Akwai mai ƙaya da yawa da ƙananan furanni ja ko ruwan hoda, asalinta daga Madagaska. Sai mai siraran rassa kamar fensir, ba ƙaya ko ɗaya, kuma ita na fi tsoro, domin ba abin da ke hana hannu kai mata, taɓa ta kaɗan ta karye, ruwanta kuma yana da zafi ƙwarai a ido. Duk wadda ta ji rauni ta fitar da farin ruwa kamar madara, ki ɗauka 'yar dangin nan ce. Kuma kada ki ce za ki gwada da farce.

Ban ce a zubar da su ba, ni ma ina da biyu a barandata. Karyawa da hannu na ce a bari. Ruwan yana da danƙo, yana bushewa a yatsa ba ki ganinsa, gogewa a zani ba ta fitar da shi, ɗauraya da ruwa kawai ma ba ta isa ba. Da hannun nan za ki share wa jariri majina, ki gyara ɗankwali, ki sa kwalli. Mu mata hannunmu ba ya minti biyar bai je fuska ba, ko tamu ko ta yaro. To me ya sa za a ce lallai sai an karya nan take, a tsaye, ana hira? Kunyar baƙuwa? Ki ce mata, "Bari zan yanka miki gobe in aiko." Wallahi ba wadda za ta yi fushi, in ma ta yi, ba idonta ba ne.

Yankan ba wuya gare shi. Fitar da tukunyar tsakar gida, kori yara. Sa safar hannu, in babu ki zura hannu a leda biyu. In kina da tabarau ki sa, domin wani lokaci ruwan yakan yi tsartuwa. Ki yanka da wuƙa mai kaifi wadda ba ta girki ba, ki tsoma bakin reshen a ruwa har farin ya daina fita, ki watsa ruwa kaɗan a inda aka yanka a jikin uwar shukar. Sai ki aje reshen a inuwa, a sama, kamar mako guda, bakin ya bushe. Wannan ma ya nuna karyawar gaggawar ba ta da amfani ko ga mai so: reshen da aka dasa ɗanye aka bi shi da ruwa yawanci ruɓewa yake. Kin jawo wa kanki ciwo, ita kuma ba ta samu shuka ba. In kin gama, wanke wuƙa da hannu da sabulu sosai, har ƙarƙashin farce. Guntayen da suka rage a binne, kada a jefa a murhu, hayaƙinsu yana damun ido da maƙogwaro.

In tsautsayi ya gitta ya shiga ido, ruwa. Ruwa mai tsabta, na buta ko na leda, a buɗe idon da yatsu masu tsabta a yi ta kwarara minti 15 zuwa 20, a duba agogo, domin minti biyu ma jinsa ake kamar an daɗe. Daga nan asibiti a ranar, ko da an ji sauƙi, don zafin yakan ƙaru bayan sa'o'i. Ba nono, ba tozali, ba sukari, ba zuma, ba zuwa kemis a ce a ba ki maganin afolo. Idon da aka kai da wuri yawanci yana warkewa sarai, wanda aka zauna ana gwaje-gwaje a kansa shi ne ake tsoron ya bar hakiya. In a fata ne, sabulu da ruwa. In yaro ya tauna, a kuskure masa baki, kada a sa shi amai da gangan, a tafi da shi asibiti tare da hoton shukar a waya.

Kula da ita kanta, wannan mai sauƙi ne, a taƙaice:

Tukunya mai huda a ƙasa, ta yumɓu ta fi ta roba.
Ƙasa: yashi ya fi yawa, taki ɗan kaɗan. Rairayinmu na Katsina ya ishe ta.
Wuri mai haske, bakin taga ko baranda, a riƙa juya tukunyar don kada ta karkace.
Ruwa sai ƙasar ta bushe, ki gwada da tsinke. Da hunturu a ƙara ragewa. A daina juye mata ragowar ruwan alwala kullum, yawan ruwa ne ke kashe ta, ba ƙishi ba.
In gindin ya yi laushi ya yi baƙi, saiwa ta ruɓe. A yanki saman mai lafiya a sake dasawa, da wuƙa, da safar hannu. A nan ma na ga masu fizge ruɓaɓɓen da hannu, haba!

Sai wurin ajiya. Gidan da ke da mai rarrafe ko yaran da ke buga ƙwallo a falo, a ɗaga ta sama ko a mayar da ita inda ba sa zuwa. 'Yar aikin da ke goge-goge a gaya mata, almajirin da ke shara ma a gaya masa, don sau da yawa su ke kwashe reshen da ya faɗi, su kuma ba wanda ya taɓa faɗa musu komai. Masu kai wa amarya irin wannan tukunya cikin kayan ɗaki, ku haɗa mata da bayani. Makon jiya na shiga ɗakin wata amarya a Ƙofar Marusa na ga mai kamar fensir ɗin nan a ƙasa dab da kujera, ƙannen ango uku suna zaune kusa da ita. Ban bar gidan ba sai da muka ɗora ta a kan katangar baranda.