Waiwaye: Yadda ɗakin gwajin girid ya dawo cikin kwamfuta guda

A tsakiyar shekarun 1990 ne Ian Foster da Carl Kesselman a Amurka suka fara yaɗa wani tunani: a haɗa kwamfutocin jami'o'i da cibiyoyin bincike su yi aiki tare, mai bincike ya ja ƙarfin lissafi kamar yadda ake jan wuta daga layin lantarki, ba ruwansa da tashar da ta samar da ita. Wannan shi ne girid. Manhajar Globus daga aikinsu ta fito, kuma cibiyar binciken kimiyyar fiziks ta CERN da ke kusa da birnin Janeba, a iyakar Suwizalan da Faransa, ta rungumi tsarin hannu bibbiyu. Girid ɗinta ya haɗa cibiyoyi kusan 170 a ƙasashe fiye da 40.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen gwaji. Girid ba manhaja ɗaya ba ce. Akwai na'urar da ke karɓar ayyuka, da waɗanda ke yin lissafin, da ta ajiyar bayanai, da wadda ke sanar da wa ke da me, sannan da mai ba da takardar shaida ta dijital, wadda idan babu ita babu na'urar da za ta amince da 'yar'uwarta. Kowacce na son sunanta da adireshinta. Mai son gwada sabon gyara sai ya ware kwamfutoci biyar ko shida, ya girka komai, in abu ya cakuɗe ya goge ya sake daga farko. Kuma babu mai yarda a yi gwaji a kan girid ɗin da masu bincike ke aiki da shi.

Maganin kuwa ya girme wa matsalar. Tun ƙarshen shekarun 1960 kamfanin IBM ke raba babbar kwamfuta guda ta zama kamar kwamfutoci da yawa, waɗanda ake kira na'urorin kwaikwayo, har ya fitar da manhajar VM/370 mai wannan aikin a 1972. Kamfanin VMware ya kawo dabarar kan kwamfutocin tebur a 1999, manhajar Xen mai irin wannan aikin ta fito daga Jami'ar Kambirij a 2003, Intel da AMD suka gina tallafinta a cikin na'urorinsu a 2005 da 2006, sai KVM, wata manhajar irinta, ta shiga babbar manhajar Linux a 2007, shekarar da takwararta VirtualBox ta zama kyauta ga kowa. Daga nan kwamfutocin nan shida suka koma na kwaikwayo a cikin na'ura ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗaukar hoton yanayin na'ura kafin a taɓa ta: in gyara ya ɓata, cikin daƙiƙu ka dawo inda kake.

Wannan tarihin ya shafe mu kai tsaye. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ko a Kashere ta jihar Gombe, ba sai ya jira an gina masa katafaren ɗakin gwaji ba. Laftof mai ƙwaƙwalwar giga 8 za ta ɗauki na'urorin kwaikwayo uku, kowacce giga 2, fanka na huci amma aiki na tafiya. A nan zai ga abin da littafi ba ya nunawa: ya dakatar da na'ura ɗaya saboda wuta ta ɗauke, da safe ya tashe ta, agogonta ya sha bamban da na sauran, sai a ƙi karɓar takardar shaidarta, domin da agogo ake duba wa'adin takardar. Wanda ya kwana yana neman dalilin wannan ya fahimci tsaron girid fiye da wanda ya haddace shi don jarrabawa. Ina ganin ya kamata malamanmu su mayar da irin wannan aikin sharaɗi a aji uku na jami'a.

Sai dai na'urar kwaikwayo ba ta faɗin gaskiya kan sauri. Duk na'urorin suna rabon faifai ɗaya ne, kuma babu jinkirin layi irin na tsakanin Bauchi da Janeba. Tana nuna ko tsari na aiki, ba ta nuna nauyin da zai iya ɗauka.

Abin da aka fara don gwaji daga baya ya zama aikin kansa. Amazon ya buɗe EC2, inda yake ba da hayar na'urorin kwaikwayo, a 2006 a kan Xen, CERN ta fara CernVM, na'urar kwaikwayo ta masu bincikenta, a 2008, sannan manhajar Docker ta zo a 2013 da kwantenoni, wato keɓaɓɓun wuraren gudanar da manhaja a cikin kwamfuta guda, waɗanda suka fi na'urar kwaikwayo sauƙin nauyi, har laftof ɗin da ke nishi da na'urori uku za ta iya ɗaukar goma.