Me ya sa ba a rufe wasu makarantu a Amurka sai da izinin alƙali?

A wasu gundumomin Amurka, musamman na kudu, hukumar makarantu ba ta isa ta wayi gari ta rufe makaranta ko ta haɗe ta da wata ba. Sai ta kai buƙatarta kotun tarayya, iyayen da suka shigar da ƙara da Ma'aikatar Shari'a su faɗi ta bakinsu, sannan alƙali ya amince ko ya ƙi.

Tushen abin shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 1954, a shari'ar Brown, wanda ya haramta raba yara baƙar fata da farar fata a makarantun gwamnati. Gundumomi da dama suka yi kunnen uwar shegu, aka yi ta maka su a kotu. Wasu aka ɗora musu umarni, wasu kuma suka sasanta da masu ƙara, alƙali ya sa hannu. Da zarar ya sa, sulhun ya zama umarnin kotu, ba a taɓa shi sai da yardarsa.

A 1968, a shari'ar Green, Kotun Ƙoli ta zayyana abin da ake dubawa: rabon ɗalibai, malamai, sauran ma'aikata, motocin ɗaukar yara, wasanni da sauran ayyukan bayan darasi, da kuma gine-gine. Rufe makaranta ɗaya kuwa yana taɓa kusan dukkansu. Tambayar alƙali ita ce, nauyin a kan wa zai faɗa? Tambaya ce da ta dace ƙwarai, domin lokacin da aka fara haɗe makarantu, galibi na baƙaƙe aka rufe, yaransu ne ke sammako su yi doguwar tafiya a bas, dubban malamansu kuma suka rasa aiki.

Dubi garin Cleveland a jihar Misisifi. Tsohon layin dogo ya raba shi biyu, baƙaƙe a gabas. Tun 1965 iyaye suka shigar da ƙara, amma bayan shekara hamsin sakandaren East Side kusan duk ɗalibanta baƙaƙe ne. A 2016 mai shari'a Debra Brown ta ba da umarnin haɗe sakandaren garin biyu, aka buɗe Cleveland Central a 2017. Ginin East Side ya koma ƙaramar sakandare. Hukuncin daidai ne a ganina, amma akwai ciwo ga wanda kakansa da ubansa suka yi karatu a can, ya ga sunan ya shafe.

Kulawar kotun tana da iyaka. Hukuncin Dowell na 1991 ya ce idan hukuma ta bi umarni tsakani da Allah, ta kuma kawar da ɓurɓushin wariya gwargwadon iko, alƙali zai iya sallamar ta. A 1992, a shari'ar Freeman, aka yarda a sallame ta fanni bayan fanni. Daga ranar da aka sallame ta, rufe makaranta ya koma hannun hukumar, iyayen da ke zargin wariya kuma sai sun shigar da sabuwar ƙara, su kawo hujja da kansu.