Waiwaye: Yadda Dutsen Eros Ya Zama Alamar Soyayya a Wurin Masu Duban Taurari

Shekaru aru-aru masu duba ba su wuce taurari bakwai ba: Rana, Wata, Uɗaridu, Zuhura, Mirrihu, Mushtari da Zuhalu. Su ne malaman hisabi suka gada daga littattafan Larabci, su ne kuma Turawa suka daɗe suna lissafi da su. Duwatsun da ke yawo tsakanin Mirrihu da Mushtari kuwa, ba wanda ya san da zamansu sai ranar 1 ga Janairu, 1801, da masanin taurari Giuseppe Piazzi ya hango na farkonsu, Ceres, daga birnin Palermo na Italiya. Pallas ta biyo baya a 1802, Juno a 1804, Vesta a 1807. Duka huɗun an raɗa musu sunayen gumakan mata na Girkawa da Rumawa.

Ranar 13 ga Agusta, 1898, masanin taurari Gustav Witt ya gano wani dutsen sararin samaniya daga birnin Berlin, aka ba shi lamba 433. Ya saɓa al'ada, ya sa masa suna Eros, gunkin so da sha'awa na Girkawa, wanda namiji ne. Masana kimiyya sun yi murna da shi don yana matsowa kusa da duniyarmu, har a 1900 da 1931 suka yi amfani da shi wajen auna nisan da ke tsakaninmu da Rana.

Masu duba ba su waiwayi waɗannan duwatsu sosai ba sai a 1973, lokacin da Eleanor Bach a Amurka ta fitar da jadawalin tafiyar guda huɗun farko. Daga nan ƙofa ta buɗe. Da kwamfuta ta yawaita, kowa na iya shigar da ranar haihuwarsa ya ga burjin da Eros yake a lokacin, a ce masa nan ne sha'awarsa take, ko ga irin wanda zai sace masa zuciya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda ma'anar ta fito. Ba a yi shekaru ana lura da rayuwar mutane ba kafin a jingina wa dutsen soyayya. Sunan ne ya jawo ma'anar, sunan kuma mutum ɗaya ne ya zaɓe shi a Berlin. Da Witt ya sa masa sunan gunkin yaƙi, da yau faɗa ake dangantawa da shi. Yanzu duwatsu fiye da 20,000 ne ke da suna, wasu na garuruwa, wasu na mawaƙa da malaman jami'a, kuma akwai masu duba da ke neman fassara a cikinsu. Ina jin tausayin saurayi ko budurwar da za ta rabu da mai sonta saboda irin wannan lissafi.

Shi dai dutsen an gan shi ido da ido. Kumbon NEAR Shoemaker na Amurka ya fara kewaya shi ranar 14 ga Fabrairu, 2000, ya sauka a kansa ranar 12 ga Fabrairu, 2001. Tsawon dutsen kimanin kilomita 34 ne, siffarsa kamar gyaɗa mai ƙwanso, jikinsa duk ƙura da ramuka da manyan duwatsu a warwatse, yana kewaya Rana cikin kwana 643.