Waiwaye: Filin sukuwar Singafo da garin da ke binsa a baya

Tun da aka yi tseren ƙarshe a filin sukuwa na Kranji ranar 5 ga Oktoba, 2024, gardama ba ta kwanta ba a Singafo. Masu dawaki da masu horar da su na cewa an shammace su, don sai a watan Yunin 2023 suka ji cewa filin mai faɗin hekta 120 zai koma gidaje. Kukansu na da tushe: dawaki kusan 700 aka shiga nema wa makoma, ga ma'aikata ɗaruruwa da abincinsu ke nan. Amma lamarin ya daɗe yana tafe.

Farkon labarin sananne ne. A 1842 wani ɗan kasuwa ɗan Scotland, William Read, da abokansa suka kafa ƙungiyar wasanni, suka gyara wata fadama kusa da titin Serangoon, aka yi tseren farko a Fabrairun 1843. A wannan fili jirgin sama ya fara tashi a Singafo a 1911.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne shekarun 1920. Lokacin da aka share fadamar, bayan gari ce, Indiyawa masu kiwon shanu da ɓauna ne maƙwabta. Kafin shekara tamanin gari ya iso, shaguna da gidajen haya sun kewaye filin ta kowace kusurwa. 'Yan kallo sun ƙaru, rumfar ta yi kaɗan, babu inda za a ƙara barga. Ƙungiyar ta sayar da filin ga hukumar gyaran gari da aka kafa a 1927 don rage cunkoso, ta sayi wani yanki na gonar roba a Bukit Timah, aka buɗe sabon fili a Afrilun 1933. A wancan lokacin murna aka yi, an samu wuri mai faɗi. A ganina kuwa a nan aka yanke hukuncin da ake kuka da shi yau: duk ranar da mutum da doki suka haɗu a kan ƙasa ɗaya a wannan tsibiri, doki ne zai matsa. Tsohon filin ya zama Farrer Park a 1935, titin da ke gefensa har yanzu Race Course Road ake ce masa.

A 1999 an maimaita, aka tashi daga Bukit Timah zuwa Kranji, can arewa daf da mashigin da ya raba Singafo da Malesiya. Ƙasar duka murabba'in kilomita 730 da 'yan kai ce, mutane sama da miliyan 6. 'Yan kallo kuma sun ragu daga kimanin 11,000 a ranar tsere a 2010 zuwa kusan 2,600 bayan annobar korona. Daga Kranji babu sauran bayan gari, ruwa ne a gaba.