Bankin ƙaramin garin da ya gagari su Jesse James: tambayoyi da amsoshi

Wane banki ne wannan, kuma a ina yake?

First National Bank na garin Northfield ne, a jihar Minnesota ta Amurka. Garin kansa a 1855 wani John North ya kafa shi a bakin kogin Cannon, garin manoman alkama ne da masu injin niƙa, bankin kuma ya samu lasisin gwamnatin tarayya a 1872. Kar ka ji an ce banki ka ɗauka wani katafaren bene ne fa, ɗan ofis ne kawai a cikin ginin Scriver, ga shaguna a gefe.

Toh me ya sa ake ta maganarsa har yau?

Saboda abin da ya faru ranar 7 ga Satumba 1876. 'Yan fashi takwas suka shigo gari a kan dawakai, cikinsu har da shahararren ɗan fashin nan Jesse James da yayansa Frank da 'yan gidan Younger su uku, Cole da Jim da Bob. Uku suka faɗa cikin bankin sauran suka tsaya gadi a waje. Wanda suka tarar a kan kanta Joseph Lee Heywood ne, shi ma riƙon ƙwarya yake don ainihin kashiyan ya tafi baje koli a Philadelphia. Suka ce ya buɗe akwatin ƙarfen da kuɗi ke ciki ya ce ai makullin na agogo ne sai lokacinsa ya yi yake buɗuwa, suka ɗora masa wuƙa a wuya suka rotsa masa kai da gindin bindiga amma mutumin nan ya kafe, alhali akwatin ma ba a kulle yake ba an dai tura ƙofar ne kawai, su kuma saboda ruɗewa ba wanda ya gwada jan ta. Da za su fita ɗayansu ya harbe shi a ka. Abin da suka tsira da shi dala 26.70 ne, a cikin akwatin kuwa akwai wajen dala 15,000.

Amma me ya kai mutanen gari faɗa da masu bindiga a kan kuɗin banki?

Ai kuɗinsu ne. Lokacin babu inshorar ajiya, hukumar FDIC (kamar NDIC ɗinmu ta Najeriya) sai a 1933 aka kafa ta, in aka kwashe banki shikenan gumin manomi da ɗan tireda ya tafi ba mai biyansa ko sisi. Heywood ɗin ma shi ne ma'ajin gari da na kwalejin Carleton, ya san masu kuɗin ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa da aka kwarmata ihu masu shagon kayan ƙarfe suka hau raba bindigogi, ɗayansu Anselm Manning ya rinƙa harbi daga lungu, wani ɗalibin likita Henry Wheeler kuma daga tagar otel, nan take 'yan fashi biyu suka faɗi. Wani baƙo ɗan Sweden, Nicolaus Gustafson, shi ma harsashi ya same shi ya rasu daga baya.

Me ya sa suka zaɓi wannan garin?

Cole Younger ya ce wai sun ji Adelbert Ames, tsohon janar na sojan Arewa a yaƙin basasar Amurka kuma tsohon gwamnan Mississippi, yana da kuɗi a bankin, su kuma 'yan ɓangaren Kudu ne tun yaƙin basasa. Ni dai ina ganin ɓarawo ba ya rasa hujja, sun raina garin ne kawai.

Ya aka ƙare?

Bayan sati biyu aka ritsa 'yan Younger kusa da garin Madelia aka kashe abokin fashinsu Charlie Pitts, su ukun aka yanke musu ɗaurin rai da rai a gidan yarin Stillwater. Jesse da Frank ne kaɗai suka sha. Ginin Scriver yanzu gidan tarihi ne, kuma duk watan Satumba garin na yin bikin Defeat of Jesse James Days, wato na tunawa da fatattakar su Jesse James, inda ake kwaikwayon fashin a kan titi da dawakai.