Wasiyyar magini a Ingila: wa ke da ikon karanta ta, kuma ina ake nemo ta

A ranar 20 ga Disamba 1855 wani magini mai suna Thomas Cubitt ya mutu a gidansa na Denbies, kusa da garin Dorking a kudu da Landan. Ɗan kafinta ne daga yankin Norfolk, an haife shi a 1788, kuma shi ma da kafinta ya fara, har ya bi jirgin ruwa zuwa Indiya yana yi musu aikin katako, ya dawo da ɗan jarin da ya kafa sana'arsa da shi. Shi ya gina yawancin unguwannin Belgravia da Pimlico a Landan, ya gina wa Sarauniya Victoria gidan Osborne a tsibirin Wight, ya kuma yi aikin fuskar gabas ta fadar Buckingham. Wasiyyar da ya bari sai da ta cinye fatun rubutu 30, dukiyar kuma ta haura fam miliyan 1 na wancan zamani. Sarauniya Camilla jininsa ce: shi ne kakan kakan mahaifiyarta.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ba sai kana cikin zuriyar Cubitt za ka ga wannan takarda ba. A dokar Ingila da Wales, duk wasiyyar da kotu ta tabbatar ta zama takardar jama'a. Jika da baƙo, lauya da ɗalibi, mutumin Landan da mutumin Katsina, kowa na iya biyan kuɗin kwafi ya karanta, ba tare da an tambaye shi dalili ba.

Muddin mutum yana raye, wasiyyarsa sirrinsa ce. Idan ya mutu, wasiyyin da ya naɗa zai kai ta ofishin kotun gado ya nemi takardar izinin raba dukiya, wadda suke kira probate. Sai da wannan takarda yawancin bankuna ke sakin kuɗi mai yawa, da ita kuma ake sayar da gidan da ke da sunan mamaci shi kaɗai. Daga ranar da aka bayar da ita, sashe na 124 na dokar manyan kotuna ta 1981 ya ce a ajiye wasiyyar a inda jama'a za su iya duba ta. Hikimar a fili take. Wasiyyi amana aka ba shi, kuma amanar da babu mai ganin sharuɗɗanta tana da sauƙin ci. Wanda aka bar wa wani abu zai iya gani da idonsa, mai bin mamaci bashi zai san wanda zai tunkara, wanda kuma ke zargin an ƙirƙiri takardar zai sami abin da zai kai gaban alƙali. Ni dai ina ganin wannan yana cikin abubuwan da tsarin nasu ya yi daidai, ko da yake akwai iyalan da ke jin zafin a ce sirrin gidansu yana kasuwa.

Kotu na da ikon rufe wasiyya idan ta ga buɗe ta bai dace ba, amma ba kasafai take yi ba. Inda aka fi sanin haka shi ne gidan sarauta. A 2021 babban alƙalin sashen iyali ya ba da umarnin rufe wasiyyar Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth, na tsawon shekara 90.

To, ga mai neman wasiyyar kakansa magini, tambayar farko ita ce: yaushe ya mutu? Shekarar 1858 ce ta raba aikin gida biyu.

Idan an tabbatar da wasiyyar daga Janairun 1858 zuwa yau, aiki ya zo da sauƙi. Dokar kotun gado ta 1857 ta karɓe wannan hurumi daga hannun coci ta mayar da shi hannun gwamnati, aka kafa babban ofishi guda a Landan da rassa a larduna. Tun daga lokacin ake fitar da kundi duk shekara, sunaye bi da bi bisa jerin haruffa. A tsofaffin kundayen za ka ga sunan mamaci, inda ya zauna, sau da yawa sana'arsa, ranar mutuwarsa, sunan wasiyyinsa da ƙimar abin da ya bari. Ana duba wannan kundi a shafin intanet na gwamnatin Birtaniya, a nan kuma ake odar kwafi. Ko mutum bai bar wasiyya ba sunansa na iya fitowa, domin kotu kan ba wani daga danginsa takardar kula da dukiyar, ita ma ana rubuta ta.

Kafin 1858 kuwa sai an ɗaura ɗamara, domin kotunan coci ne ke tabbatar da wasiyya, kuma sun haura 200, manya da ƙanana. Wacce kotu za a je ya danganta da inda kayan mamaci suke. Wanda duk abin da ya mallaka ke ƙaramin yanki ɗaya, ƙaramar kotun yankin ce. Wanda ke da kaya na fam 5 ko fiye a yankin bishop sama da ɗaya, sai babbar kotu: ta Canterbury ga kudu, ta York ga arewa. Cubitt ya mutu saura shekara biyu da 'yan kwanaki a sauya tsari, don haka tasa ta faɗo a zamanin coci. Kundayen kotun Canterbury, daga 1384 zuwa 1858, suna gidan adana takardun ƙasa da ke Kew a Landan, wasiyya sama da miliyan 1, kuma ana sauke su ta intanet. Na York suna cibiyar Borthwick a Jami'ar York. Na ƙananan kotuna sun warwatsu a ofisoshin adana takardu na larduna, kuma a nan ne ƙaramin magini na ƙauye ya fi fitowa. Wasu sun salwanta gaba ɗaya. Tsofaffin wasiyyoyin lardin Devon sun ƙone a 1942 lokacin da jiragen Jamus suka yi wa birnin Exeter ruwan bama-bamai. Scotland kuma dokarta daban ce, kundayenta ma daban.

A kan magini akwai wani tarko da ya kamata a tsaya a kai, domin yana sa mutane yi wa kakanninsu mummunar fahimta. Dokar Ingila ta raba dukiya kashi biyu: ƙasa da ginin da mutum ya mallaka har abada a gefe guda, sauran kaya a ɗaya gefen, wato kuɗi, dabbobi, kayan aiki, kayan ɗaki da bashin da yake bi. Kotunan coci ba su da hurumi a kan kashi na farko. Ko bayan 1858, ƙimar da ake rubutawa a kundi ba ta haɗa da filaye da gidajen mallaka ba sai daga 1898. Saboda haka za ka iya ganin an rubuta cewa magini ya bar abin da bai kai fam 100 ba, ka ɗauka talaka ne, alhali yana da jerin gidaje a titi guda waɗanda lissafin bai taɓa su ba.

Sai dai kuma abin yana da wani juyi. Yawancin maginan Landan ba a filinsu suke gini ba. Manyan masu ƙasa, irin su gidan Grosvenor da ke da filayen Belgravia, su ke ba magini hayar fili na dogon lokaci, galibi shekara 99. Magini ya gina gidaje da kuɗinsa ko da rance, ya sayar da ragowar shekarun hayar ko ya zuba 'yan haya, yana biyan mai ƙasa kuɗin fili duk shekara. Idan wa'adi ya cika, fili da ginin da ke kansa su koma ga mai ƙasa. A ido gida ne tsayayye, amma a doka irin wannan haya tana cikin kashi na biyu, tare da kuɗi da dawaki. Ke nan gidajen haya suna shiga lissafi, gidajen mallaka ba sa shiga. Magina biyu masu arziki ɗaya za su iya fitowa a kundi ɗaya kamar attajiri da yaronsa, don kawai ɗaya a filin haya ya yi gini, ɗayan a nasa. Shi ya sa adadin da ke kundi ba ya isa, sai an karanta wasiyyar kanta, inda ake ambaton gidajen da sunan titi, wani lokaci har da sunan wanda ke zaune a ciki.

Wannan ne ya sa wasiyyar magini ta fi ta mutane da yawa daɗin bincike. Abin da ya bari yana nan a ƙasa, kuma sau da yawa ana iya zuwa a tsaya a ƙofar gidan. Wasiyyar takan kuma nuna wanda aka bar wa tsani da katako da filin ajiye kaya, wanda galibi shi ne ɗan da ya gaji sana'ar.

Wajen karantawa, sanin sharuɗɗan dokar wasiyya ta 1837 yana taimakawa, domin har yau ita ce ginshiƙi. Sashe na 9 ya ce dole wasiyya ta zama a rubuce, mai ita ya sa hannu a gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci guda, su ma su sa hannu. Sashe na 15 ya ce shaida ko matarsa ko mijinta ba za su ci abin da aka bar musu a takardar ba. Don haka shaidun da ka gani a ƙasan wasiyya galibi maƙwabta ne ko magatakardan lauya ko abokan sana'a, ba magada ba. Aure kuma yana rushe wasiyyar da aka yi kafinsa, shi ya sa za ka ga wanda ya sake aure ya sake rubutawa. Matar aure kuwa, kafin dokar 1882 da ta ba ta ikon mallakar dukiyarta, da wuya ta bar wasiyya sai da yardar miji. Amma gwauruwar magini takan bari, kuma ina shawartar mai bincike ya nemi tata, domin sau da yawa ita ke lissafo 'ya'ya mata da jikoki da mijin bai ambata ba.

Rashin ganin sunan ɗa a wasiyya ba ya nufin an yi fushi da shi. Mai yiwuwa an riga an ba shi rabonsa lokacin aurensa ko lokacin da ya kafa tasa sana'ar. Kafin 1926 ma, ƙasar mallaka da ba a yi wasiyya a kanta ba ta babban ɗa namiji ce kai tsaye. Kalmomin dangantaka su ma sun sauya ma'ana: kalmar da a yau ke nufin suruki, a tsohuwar takarda tana iya nufin agola. Idan kuma takardar ta girmi 1733, bayanin kotu da ke ƙarshenta da Latin yake.

Wasiyya ƙarshen rayuwa kawai take nunawa, sauran sai an haɗa da wasu takardu. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati ta fara a Yulin 1837. Ƙidayar jama'a mai ɗauke da sunaye ta fara a 1841, duk shekara goma, kuma ana rufe ta shekara 100, shi ya sa ta 1921 ba ta fito ba sai a 2022. A cikinta za ka ga mutum ya fara da birkila ko kafinta, bayan shekara goma an rubuta shi magini mai ma'aikata kaza. Sana'ar gini don sayarwa kuma caca ce, masu karyewa a cikinta suna da yawa, kuma sanarwar karayar arziki tana fitowa a jaridar gwamnati ta London Gazette. Maginin da aka neme shi a kundin gado aka rasa, a duba shi a can.

Mai karatu Musulmi zai lura da babban bambanci. A Musulunci wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma babu wasiyya ga magaji, domin rabon magada an riga an yanke shi. A Ingila mutum na iya ba wanda ya so duk abin da ya mallaka. Abin da ya rage wa wanda aka hana shi ne dokar 1975, wadda ta ba mata ko miji ko 'ya'ya ko wanda mamaci ke ciyarwa damar roƙon kotu ta yanka musu abin da ya dace. Wannan bambanci ya taɓa iso mu, domin dokar 1837 na cikin dokokin Ingila da Nijeriya ta gada. A shari'ar Adesubokan da Yunusa a 1971, Kotun Ƙoli ta yanke cewa Musulmin da ya rubuta wasiyya bisa wannan doka, tasa ta tsaya ko da ta saɓa wa rabon Malikiyya. Daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi nasu dokokin wasiyya, suka cire wanda ke ƙarƙashin shari'ar Musulunci daga wannan 'yanci.

Takardun da kansu sun kusa shiga haɗari kwanan baya. A Disambar 2023 ma'aikatar shari'a ta Birtaniya ta kawo shawarar a ɗauki hoton wasiyyoyin da aka tara tun 1858 a kwamfuta, a lalata na asali bayan shekara 25, a bar na fitattun mutane kaɗai, don rage kuɗin ajiya. Masana tarihi da masu binciken salsala suka yi ca. Hujjarsu ita ce hoto na iya tsallake shafi, na'ura na iya lalacewa, kuma babu wanda ya san wanda zai zama fitacce nan da shekara ɗari. Da an bi wannan ma'auni, irin su Cubitt ne za su tsira, birkilan da suka ɗora masa bulo kuma a ƙone nasu. A Janairun 2025 gwamnati ta janye shawarar, ta ce za a ci gaba da ajiye takardun asali.