Horar da Ɗaliban Tufafi da Yadi don Aiki a Masana'antar Sutura

Horar da ɗaliban tufafi da yadi reshe ne na ilimin sana'a da ke shirya mutum ya yi aiki a masaƙu, da kamfanonin ɗinki, da gidajen zayyanar kayan yayi, da manyan kantunan sutura. A wasu jami'o'i yana ƙarƙashin sashen kimiyyar kula da gida, a wasu wuraren kuma yana da makarantunsa na musamman. Daga cikin tsofaffinsu akwai ESMOD, wadda wani tela, Alexis Lavigne, ya kafa a Faris a 1841. Kwalejin FIT ta New York ta buɗe a 1944 da hannun masu masana'antar ɗinki na birnin, ita kuwa Indiya ta kafa makarantar NIFT a 1986 a ƙarƙashin ma'aikatar masaƙu.

Yawancin ɗalibai da burin zama masu zayyana suke shiga, alhali guraben zayyana kaɗan ne. Inda aikin yake da yawa shi ne fitar da fasalin riga a kan takarda, da yanka, da duba ingancin kaya, da lissafin abin da kowace riga za ta ci, da sayo yadi da zare. Shi ya sa manhajar karatu mai kyau take farawa daga yadin kansa: bambancin auduga da ulu da siliki da poliyesta, wanne ke tsukewa in an wanke, wanne ke zuba, wanne ke jure guga.

Daga nan sai awo da yanka, inda bambancin tela da ma'aikacin masana'anta yake fitowa fili. Tela mutum ɗaya yake aunawa. Masana'anta kuwa fasali ɗaya take ɗauka ta ƙara shi ta rage shi zuwa girma daban-daban, sannan a jera guntayen a kan yadi yadda ƙyallen da za a zubar ba zai yi yawa ba. Da yake ana shimfiɗa yadi hawa-hawa a yanka lokaci guda, kuskuren santimita ɗaya kan lalata ɗaruruwan riguna. Yanzu da kwamfuta ake yawancin wannan aiki, da manhajoji irin su na kamfanonin Gerber da Lectra, da CLO mai nuna yadda riga za ta zauna a jiki tun ba a taɓa almakashi ba.

Sauyin kasuwar duniya ma ya taɓa darussan. Da aka soke ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe ke shigarwa Turai da Amurka a farkon 2005, ɗinki ya ƙara komawa Sin da Bangladash da Biyetnam. Dole ɗalibi ya iya rubuta takardar bayanin samfuri, mai ɗauke da awo da irin ɗinki da maɓalli da zif, wadda masana'antar da ke wata nahiya za ta bi ba tare da tambaya ba. Bayan rushewar ginin Rana Plaza mai ɗauke da masana'antun ɗinki a Bangladash a Afrilun 2013, inda mutum fiye da 1,100 suka rasu, binciken lafiyar wuraren aiki ya ƙara samun muhimmanci.

Masu ɗaukar aiki sun fi duba kundin ayyukan ɗalibi da zaman sanin makamar aiki da ya yi, fiye da makinsa. Sai dai sau da yawa ba a biyan ɗalibai a irin wannan zama, kuma manyan gidajen zayyana suna birane masu tsadar rayuwa ne, don haka 'ya'yan marasa hali kan rasa damar.